Katin Ta'amin da Na Saya wa Baba

Wata huɗu ke nan da muka kai Baba makwancinsa, kuma sai a 'yan kwanakin nan hannuna na dama ya saki har nake iya riƙe biro. Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwanmu na nan Jidda masu tsofaffi a kan iƙamarsu, wato takardar izinin zama a ƙasar. Duk wanda ya zo gaisuwa ya tambayi abin da ya yi ajalin Baba, ƙoda nake ce masa. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Sunana Haruna, a unguwar Nuzla aka haife ni. Mahaifinmu Alhaji Idrisu daga cikin Hausawan Sudan yake, ya ƙetaro yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a dako da ɗaurin kaya a tashar jiragen ruwa. Da ya ajiye aiki sai sunansa ya dawo kan iƙamata. Ni kuma sito nake kula da shi a wani kamfanin kaya kusa da tashar. Mu biyu muka rage masa, ni da Yaya Hawwa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Mutum ne mai ƙirar ƙarfi, tafin hannunsa ya yi biyun nawa, amma tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya ɗaga shi a kan kowa ba. In mun yi laifi muna yara shiru kawai yake yi mana.

Kamfaninmu yana yi mana ta'amin, wato inshorar asibiti, ni da matata Safiya da yara, amma ban da uba. Na Baba ni nake saya daban duk shekara, tunda ba a sabunta iƙama sai da shi. Bara da ya haura saba'in sai kuɗin ya yi tsalle. Wani abokin aikina ya kwatanta min wani ƙaramin ofishin masu sayar da ta'amin a unguwar Waziriyya, ya ce in nemi Abu Nasir.

Na je da Baba, na bar shi a mota yana jin rediyo. Abu Nasir ya juyo min da kwamfutarsa ya nuna min kala uku. Na ƙasa bai kai riyal dubu biyu ba, na tsakiya dubu shida da 'yan kai, na sama kuwa ban ma tsaya jin kuɗinsa ba. Tsakani da Allah ya yi min bayani. Ya ce na ƙasan ƙananan asibitocin unguwa uku ne kawai ke karɓarsa, sai babba guda ɗaya can wajen gari, kuma yawancin masu sayensa don iƙama ta fita suke saya, ba don jinya ba. Na ce shi nake so.

Sai ya miƙo takardar tambayoyi: ciwon suga, hawan jini, ƙoda, zuciya. Na ce masa Baba yana da suga shekara goma sha biyu, ga hawan jini. Ya ce in na rubuta haka za a sake yi masa farashi, zai iya ninkawa, mutane da yawa a'a suke sawa su wuce. Bai ce in yi ƙarya ba. Biro kawai ya turo min ya koma kan wayarsa. Na bi layin daga sama har ƙasa ina sa a'a, na sa hannu.

Kada wani ya ce talauci ne. Kuɗin na tsakiyar suna jikina a ranar. Mota nake son canzawa, kuma na canza ta bayan sati biyu. Da na fito Baba ya tambaya ko an gama, na ce halas, an gama, ya sa min albarka. A gida Yaya Hawwa ta juya katin gaba da baya ta tambaye ni ko mai kyau ne. Na ce mai kyau ne.

Wata biyar babu abin da ya faru.

Satin farko na ciwon ba mu ma san ciwo ba ne. Safiya ce ta lura Baba yana daɗewa a banɗaki, in ya fito goshinsa ya jiƙe da gumi. Da na tambaye shi ya ce ba komai. Tsoho irinsa ba zai buɗe baki ya gaya wa ɗansa fitsari yana yi masa gardama ba. Ranar Laraba zazzaɓi ya rufe shi, na kai shi ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin da ke karɓar katin. Mun zauna tun bayan azahar har kiran magariba, a wani siririn lungu mai kujerun roba, leburori sun cika shi da takalman aikinsu. Likitan bai yi minti biyar da mu ba. Ya duba maƙogwaro, ya ce mura ce, ya sa aka yi ƙarin ruwa leda ɗaya, ya rubuta maganin zazzaɓi. Na ce ko za a gwada jini, ya ce sai an nemi muwafaƙa, wato amincewar kamfanin ta'amin, kuma don zazzaɓin kwana ɗaya ba za su bayar ba. Bai taɓa cikin Baba ba, ni ma ban san in ce ya taɓa ba.

A sati na biyu Baba ya fara sauyawa. Sai ya tashi da hantsi ya ce jirgi ya tsaya, a miƙo masa igiya. Yana kiran sunayen mutanen da suka mutu tun ina yaro, yana yi musu faɗa sun bar kaya a rana. Can kuma sai ya dawo daidai, ya nemi ruwan alwala. Ya daina zama a miƙe, kullum a takure, hannu a mara.

Ranar Lahadi ina wurin aiki Safiya ta kira ni, ban gane abin da take faɗa ba sai sunan Yaya. Da na isa gida na tarar da jini tun daga bakin ƙofar ɗakin Baba har kan darduma. Ashe Yaya Hawwa ta kai masa shayi, ya ce zai fita tasha, ta tsaya a ƙofa tana lallashinsa. Ya kalle ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya ce ɓarauniya ce ta shigo sito. Ya fizgi fulas ɗin ƙarfen da ke hannunta ya kwaɗa mata a fuska. Ta faɗi, ya sake ɗagawa, Safiya ta rungumo hannunsa ta baya, ya yi jifa da ita jikin firji. Maƙwabcinmu ne ya ji ihu ya shigo ya danne shi.

Girar Yaya ta hagu ta tsage har ana ganin fari, idon ya rufe. Ɗinki takwas aka yi mata. Duk tsawon hanyar asibiti abu ɗaya take maimaitawa, kada in bari kowa ya san Baba ne.

Da yamma 'yan uwa suka cika gidan, kowa da tasa. Wata ta ce habbatus sauda da zuma, wani ya ce tsufa ne a kulle shi a ɗaki. Kawu Musa, ƙanen mahaifiyarmu, shi ya fi kowa murya. Ya ce wannan ba na asibiti ba ne, mutumin da ya yi shekaru yana shiga tsofaffin sito a bakin teku, iska ce ta taɓa shi, ya san wani mai ruƙya da ba ya kuskure. Na amince da sauri. Na san dalilina kuma, ina tsoron babban asibiti saboda na san abin da na saya.

Kwana biyu muka jira mutumin, Baba a kulle yana dukan ƙofa har fatar yatsunsa ta sale. Ya zo ranar Laraba bayan la'asar da jarkar ruwa da guntun tiyo. Ya ce a riƙe masa shi da kyau. Mu huɗu muka kwantar da Baba, Kawu da maƙwabci suka kama hannuwa, wani ya danne kafaɗa, ni na zauna a kan ƙafafunsa. Mutumin ya fara karatu, sai ya shiga tsula masa tiyon a baya da tafin ƙafa yana cewa fita, fita. Baba ya gantsara wa Kawu cizo a dantse. Mutumin ya shaƙe masa wuya har idanunsa suka firfito, ya saki. Da Baba ya samu numfashi sai ya fara cewa, "Marata, marata." Mutumin ya ce to ga inda yake zaune nan. Ya dunƙule hannu ya ɗora a marar ya danna da nauyinsa duka.

Ƙarar da Baba ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba. Ƙafafun da nake zaune a kai suka yi sanyi, suka saki. Safiya ta yaye labule ta shigo ba ko mayafi, ta ce in ba mu ɗaga shi ba yanzu za ta fita titi ta kira 'yan sanda. Ban ce ruƙya ƙarya ba ce, Alƙur'ani waraka ne. Amma abin da aka yi a ɗakin nan duka ne, kuma da ni aka yi.

Muka sa shi a mota. Ban tsaya neman asibitin katin ba, na shiga babban asibitin da ya fi kusa. Mai karɓar baƙi ya sa katin a na'ura ya ce ba ya aiki a nan. Ina cikin roƙonsa wata likita 'yar Sudan ta zo wucewa, ta kalli Baba a kan keken marasa lafiya, ta ɗora hannu a cikinsa sau ɗaya, ta ce a shigo da shi, maganar kati daga baya. Allah Ya saka wa matar nan da Aljanna.

Da za a sa masa robar fitsari ya farfaɗo. Ya ture ma'aikaciyar jinya, ya fizge allurar hannunsa, jini ya yi tsartuwa har bango. Likitar ta ce sai an ɗaure shi. Suka kawo bandeji mai faɗi, ni na riƙe hannun damansa aka zagaya aka ɗaure a ƙarfen gado. Yana kallona yana zagina da Larabcin 'yan tasha, kalmomin da ban san ya sani ba. Abin da ya fito ta robar ba fitsari ba ne, jini ne da mugunya, ya cika leda aka canza wata.

Likitar ta ja ni gefe. Ta ce wata tsoka ce da ke kumbura wa tsofaffin maza ta toshe hanya, fitsarin ya taru ya ruɓe, ya koma ya taɓa ƙoda, dattin ya shiga jini ya hau kai. Ta ce sunan abin da muke gani hazayan, ba hauka ba ne, ba iska ba ce, kuma shi bai san yana yi ba. Kalmar nan har yau tana kaina. Daga nan ta ɗaga rigarsa ta nuna min shatar tiyo a bayansa.

"Wa ya yi masa wannan?"

Na gaya mata. Ta ce da ranar da zazzaɓin ya fara wani ya taɓa cikin nan, roba ɗaya da maganin sati guda sun isa.

Sati na uku a gaban taga na yi shi. Kowane asibiti yana da tagar muwafaƙa, ka ɗauki lamba ka zauna da mutane irinka, kowa da takarda a hannu yana kallon allo. Kamfanin ya ce a mayar da Baba asibitinsu na wajen gari. Can suka ce babu gado. Kwana biyu ana haka, sannan aka ɗauke shi a ɗaure cikin motar asibiti. Likitocin can suka ce ƙodar ba ta tashi ba, sai an fara wankin ƙoda. Aka tura neman amincewa ranar Litinin. Ranar Talata da hantsi mai tagar ya juyo min da kwamfuta ya ce an ƙi. Ya ce kamfanin ya ga sunan Baba yana karɓar maganin suga shekara da shekaru, ga kuma takardar da aka cike an ce ba shi da komai. Ya buɗe takardar. Na ga a'a ɗina a jere, da sa hannuna a ƙasa.

Ban koma ɗakin Baba ba. Na shiga mota na nufi Waziriyya.

Abu Nasir yana cin gurasa a kan teburinsa na gilashi. Na ce masa ya kashe min uba. Ya ajiye gurasar ya ce in zauna mu duba. Na ce shi ya ce in sa a'a. Ya ce, a hankali kuma, "Ni ban ce ka yi ƙarya ba, ya akhi. Hannunka ne."

Da ƙarya ya yi min wataƙila da na iya haƙuri. Na cafki wuyan rigarsa na fizgo shi ta saman teburin, na buga fuskarsa a gilashin, na sake bugawa. A na uku gilashin ya fashe, hannuna na dama ya nutse ciki. Ban ji zafi ba. Ina ganin jini yana zuba daga hancinsa a kan takardun mutane, ina ci gaba da kai masa naushi da hagu. Masu shagunan kusa suka shigo, wani ya make ni da kujera a baya, suka kwantar da ni a kan fasassun gilashi, wani ya sa gwiwa a wuyana har 'yan sanda suka iso. Sai a motarsu na ga yatsuna biyu sun ƙi lanƙwasuwa. Jijiya ce ta yanke.

Kwana biyu na yi a tsare bayan an ɗinke hannun. Wakilin kafilina, wato kamfanin da iƙamata take hannunsa, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce in maganar ta je kotu kamfani ba zai riƙe ni ba, fita ce ta dindindin. Ni da Safiya da yara da Baba, zuwa Sudan, ƙasar da ban taɓa kwana a cikinta ba, ga halin da take ciki. A nan na san abin da na yi.

Kawu Musa ne ya fitar da ni, da cizon Baba a naɗe a dantsensa. Sau uku yana zuwa gidan Abu Nasir. A na uku ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa ya ce ba zai tashi ba. Abu Nasir ya fito da filasta a hanci, ya je ya sa hannu ya yafe, bai karɓi komai ba sai kuɗin teburin. Ya ce shi ma yana da uwa a kwance. Bayan haka da kansa ya rubuta mana takardar ƙara zuwa hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ta'amin, don ya san yadda ake jera maganar. Har yau ina jin haushin yadda ya turo min biron nan, kuma har yau ina jin kunyarsa. Haka Kawu, shi ya kawo mai tiyo, shi kuma ya ajiye min hularsa a ƙasa.

Daga wurin 'yan sanda asibiti na wuce. Na haɗu da Yaya Hawwa a matakala, idonta ya koma shuɗi da ɗorawa. Kwana biyun nan ita kaɗai ce a kan Baba. Ta je tagar neman bayani an nuna mata takardar, ta cire awarwaronta na zinariya ta ba maƙwabcinmu ya sayar aka yi wankin farko. Na buɗe baki zan gaishe ta, ta ɗauke ni da mari, irin wanda kunne ke yin ƙara.

"Na tambaye ka, Haruna. Ka ce min mai kyau ne."

Ta ci gaba da sauka sayo masa audugar manya.

Sati na huɗu wanki uku aka yi, kowanne da kuɗin hannu, ga kuɗin gado. Na sayar da motar. Mutanen masallacinmu suka haɗa abin da ya sawwaƙa, har da masu dakon da suka yi aiki da Baba, waɗansunsu ko iƙama ba su da ita. Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin da Baba ya taɓa tofa wa yawu a fuska, ita ce kullum take kwance ɗaurin tana shafa masa mai a wuyan hannu, inda bandejin ya ci fata. Akwai kuma wani ma'aikacin jinya da ke ƙara tamke ɗaurin don kada a dame shi. Duk a ɗaki ɗaya.

Bayan wanki na biyar Baba ya dawo. Da safe ne, ina gyara masa matashi da hannu ɗaya, ya ce, "Haruna, yau wace rana?" Muryarsa ce ta da. Ya tambayi sallolin da ake binsa. Na kira ma'aikaciyar ta kwance shi, daga ranar ba a sake ɗaure shi ba. Da Yaya ta shigo ya ce, Uwata, me ya same ki a ido? Ta ce ƙofar kabad ce. Ya kalli hannuna, na ce a wurin aiki ne.

A sati na shida aka sallame mu, muna kai shi wanki sau uku a sati a motar haya. Ya rame, fatarsa ta yi toka, tafin hannun nan ya zama ƙashi. Amsar ƙararmu ta zo, an tilasta wa kamfanin ya biya kwanakin gaggawa na asibitin farko, sauran kuma aka ce laifin mai cike takarda ne. Ban ga abin musu ba. Muka sa sunansa a layin wata cibiyar wanki ta sadaka, aka ce mu jira.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka ba shi da yawa. In za ka sayi ta'amin na tsoho, kada ka tambayi kuɗi tukuna, ka ce a buga maka sunayen asibitocin da ke karɓarsa, ka duba wanne ne za ka iya kai mutum cikin minti goma yana sume. Ka tambaya ko akwai wankin ƙoda da kwanciya, da iyakar abin da suke biya. Takardar tambayoyin nan kuwa ka rubuta duk ciwon da yake da shi, ko kuɗin zai ninka, domin suna gani, sai ranar da ka fi buƙata za su fito maka da ita. In kuma tsohonka mai haƙuri ya wayi gari yana duka da zagi, a fara kai shi a gwada jini da fitsari, a yi masa addu'a a hanya. Kada ka bari kowa ya taɓa shi da bulala.

Wata ranar Juma'a a sati na bakwai, mutane sun tafi masallaci, na zauna da shi saboda ba ya iya fita. Ya ɗaga hannuwansa yana duba tabon da ya zagaye wuyansu. Ya ce ya yi shekara arba'in yana ɗaure kaya, ya san shatar ɗauri in ya gani. Ya ce kuma ƙofar kabad ba ta yin abin da ke fuskar Uwata.

"Kada ka yi min ƙarya."

Na gaya masa duka. Fulas ɗin, da mai tiyo, da zaman da na yi a kan ƙafafunsa, da Abu Nasir, da takardar. Bai katse ni ba. Da na gama ya yi tambaya ɗaya.

"Ranar da ka bar ni a mota, kuɗin kana da su?"

"Ina da su, Baba."

Ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bai yi min magana ba. In na kawo ruwa sai ya jira Safiya ta miƙa masa.

A rana ta uku bayan la'asar ya sa aka kira Yaya Hawwa, ya ce a tayar da shi zaune. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya cire hularsa ya miƙo mata goshi, ya ce ta rama. Ta ce ba shi ba ne, ciwo ne, likita ma ta faɗa. Ya ce hannunsa ne, kuma ba ya so ya je gaban Allah da jinin mai sunan uwarsa. Ta fara kuka ta ce ta yafe duniya da lahira. Ya ce ya ji, amma ta rama. Sun daɗe a haka. Daga ƙarshe ta matso ta ɗora tafin hannunta a girarsa ta hagu, ta ɗan danna.

"Ba haka na yi miki ba," in ji shi.

"Ni iyakar abin da na ji ke nan, Baba."

Ya riƙe hannun nata a wurin, idonsa a rufe. Can ya buɗe ya hango ni. Na ɗauka zai ce in fita. Sai ya miƙo ƙafa daga cikin bargo ya ce, "Kai kuma zo ka yanke min farce, sun dame ni." Na durƙusa na yanke masa da hannun hagu, a karkace, ina tsoron kada in haɗa da nama. A haka na gama goman.

Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya sake kama shi bayan wanki, ta wurin robar da aka sa masa a wuya. Wannan karon bai yi faɗa da kowa ba. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, Yaya tana riƙe da kansa, ni ina layin taga da lamba a hannu.

Bai taɓa furta cewa ya yafe min ba. Yaya Hawwa, wadda har yanzu idon nan yake yi mata hazo, ta ce yankan farcen nan shi ne yafiyar, wai ita ta san Baba. Wataƙila haka ne. Ni dai ban ji da kunnena ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya. Wanda ya karanta ya roƙa wa Alhaji Idrisu rahama. In ya samu sarari, ya sa da ni.